Yadda Za Ka Horas da Ma'aikaci Ya Zama Shugaban Sashe Cikin Kwana 90

Tambaya ɗaya ce masu karatu ke ta maimaita mini, kowa da yadda yake tsara ta. Mutum ya ɗauki wanda ya fi kowa iya aiki ya ɗora shi a kan abokan aikinsa, bayan wata biyu aikin gwanin ya ja baya, sashen ma ya rikice, har wasu na neman a canza musu wuri. Ina aka kuskure? An ba shi kujera ne ba a koya masa zama a kanta ba. Iya aiki daban, sa wasu su yi aiki daban.

Ga yadda nake bi, daki-daki, cikin mako 13. Tsarin yana aiki a ofis, masana'anta, asibiti ko makaranta, muddin akwai mutum uku zuwa goma da za a damƙa wa wani. Kayan aikin ba su da yawa: littafin rubutu ɗaya na ku biyu, ko fayil a kwamfuta da kowannenku zai iya buɗewa, sai kalanda, sai wuri mai ƙofa inda za ku yi magana ba a jin ku.

1. Rubuta aikin kafin ka zaɓi mutum

Zauna kai kaɗai ka lissafa abin da shugaban wannan sashe zai riƙa yi da hannunsa da bakinsa. Kada ka rubuta "jagoranci nagari" ko "kula da ma'aikata", domin ba a koyar da waɗannan, ba a kuma auna su. Rubuta abin da ido ke gani: tsara jadawalin aiki da na hutu, raba aikin yini, jagorantar taron safe, duba aiki kafin ya fita, koya wa sabon ɗauka, yi wa mai laifi magana, sauraron ƙorafi, rubuta rahoton mako. Shida zuwa takwas sun isa. Idan sun haura goma, aikin mutum biyu ka rubuta.

A ƙasan takardar ka ɗauki alƙaluma biyu ko uku na halin da sashen yake ciki yau, misali yawan aikin da ake dawowa da shi don gyara, yawan makara, ko kwanakin da aiki ke ɗauka kafin a kammala. Da su za ka gwada a ƙarshe.

Hattara: idan ba ka ɗauki alƙaluman nan yanzu ba, ranar hukunci da zuciya za ka yi hukunci, kuma zuciya tana bin wanda ya fi gaishe ka.

2. Zaɓi wanda za a horas

Tun 1969 Laurence Peter ya yi suna da maganar cewa a ma'aikatu ana ta yi wa mutum ƙarin girma saboda ya iya aikin da yake kai, har sai an kai shi matakin da bai iya ba, a nan kuma ya maƙale. Abin da ke faruwa da gwanin da aka ɗora ba shiri ke nan.

Ƙwarewa sharaɗi ce, amma ba ita kaɗai ba. Ni abu uku nake dubawa. Wa sababbi ke zuwa tambaya idan sun rikice, ba tare da an tura su ba? Wa ke faɗin kuskurensa kafin a gano? Wa ke iya ce wa abokinsa a'a, kuma gobe su gaisa? Sau da yawa ba na ɗaya a iya aiki ba ne, na biyu ne ko na uku.

Sannan ka tambaye shi ko yana so. Akwai gwanayen da ba abin da suka tsana kamar sasanta rigimar mutane, sun karɓi muƙami ne kawai don ta nan ƙarin albashi yake. Irin wannan ka nema masa wata hanyar ƙarin, ka bar shi a kan abin da ya iya.

Hattara: kada ka yi alkawarin muƙami. Abin da za ka yi alkawari shi ne horo na kwana 90, da hukunci a rana kaza, bisa wannan takarda da ka rubuta. Faɗa masa tun yau abin da zai biyo baya idan abin bai yiwu ba.

3. Yi lissafin abin da zai ci

Mutane kan tambayi kuɗin kwas, alhali shi ne ƙaramin kaso. Babban abin da za ka kashe lokaci ne.

Naka lokacin: awa ɗaya kowane mako na zaman ku biyu, awa 13 ke nan. Rubuta takardar kowane aiki, kamar awa ɗaya-ɗaya, a ce 7. Koyarwa a bakin aiki, awa biyu zuwa uku kowane aiki, a ce 20. Jimla wajen awa 40, wato cikakken makon aiki guda daga cikin wata uku. Nasa lokacin: rage masa kwana ɗaya cikin biyar daga aikinsa na da, kwana 13 ke nan. Raba albashinka da nasa zuwa na kwana-kwana ka ninka, za ka ga ainihin kuɗin. Ƙara da na wanda zai toshe giɓin da ya bari, da alawus ɗin riƙo idan ƙa'idar wurinku ta tanada, da wani abu da za ka ware na ɓarnar koyo, domin sai ya yi kuskuren da zai ci kuɗi.

Hattara: kuskuren da ya fi yawa shi ne a ɗora sabon nauyi a kan tsohon ba a rage komai ba. Idan aiki ya matse, mutum zai koma ga abin da hannunsa ya saba, shugabancin ne zai sha ƙasa. Ka rubuta sunan aikin da aka sauke masa da wanda ya karɓa.

4. Sanar da sashe da bakinka

Tara su gaba ɗaya, minti goma. Faɗi cewa daga ranar kaza wane zai riƙe ayyuka kaza da kaza a matsayin horo, ga abin da yake da ikon yankewa, ga abin da har yanzu yake hannunka. Wanda ka san ya sa rai da kujerar, ka gan shi shi kaɗai kafin taron. Kada ya ji a bainar jama'a.

A nan na taɓa cin tuntuɓe. A wani wuri da na yi aiki, na sanar da cewa maganar hutu ta koma hannun wanda nake horaswa. Kwana uku bayan haka wani tsohon ma'aikaci ya tare ni a bakin ƙofa da fom a hannu, yana cewa, "Yallabai, sa hannu kawai ne, na ga yaron naka aiki ya yi masa yawa." Ina sauri, na zaro biro na sa. Kafin ƙarshen wata fom huɗu sun biyo ta wannan ƙofa, jadawalin da bawan Allah ya ɓata yini yana tsarawa ya tashi a banza, kuma kowa ya gane cewa ikon nasa na takarda ne. Sai da na sake tara su na amsa laifina. Tun daga ranar amsata ɗaya ce ga mai zagayowa: "Ka gan shi? Je ka gan shi tukuna."

5. Gutsuttsura kowane aiki, ka koyar da shi a bakin aiki

Wannan ne zuciyar horon, kuma shi aka fi tsallakewa. Hanyar da nake bi ta fito ne daga shirin TWI, wanda gwamnatin Amurka ta kafa a 1940 don koya wa shugabannin ma'aikata a masana'antu yadda ake koyar da aiki da sauri lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Kwas ɗin koyar da aiki na shirin awa 10 ne kacal, zama biyar na awa bibbiyu, kuma kamfanin Toyota ya ɗauke shi a farkon shekarun 1950.

Ɗauki takarda ka ja layi ka raba ta gida uku: mataki, makama, dalili. Mataki shi ne abin da ake yi. Makama ita ce 'yar dabarar da ke sa a yi shi daidai, wadda ka daɗe da sabawa har ka manta cewa koyon ta ka yi. Dalili shi ne abin da zai lalace idan an bar ta. Ga misali da jadawalin aiki:

Mataki na farko, tattara buƙatun hutu. Makama: a rubuce kawai, kuma a rufe karɓa a tsayayyiyar rana. Dalili: buƙatar baki ita ke haifar da "ai na faɗa maka".

Mataki na biyu, cike lokutan da kowa ke gudu, kamar aikin dare da ƙarshen mako. Makama: da su ake farawa, kuma a buɗe jadawalin wata biyu da suka wuce a gefe. Dalili: in ba haka ba kullum a kan mai kunya ɗaya za su riƙa faɗawa.

Mataki na uku, duba haɗin mutane. Makama: kada sababbi biyu su kasance su kaɗai. Dalili: ranar da matsala ta taso ba mai warware ta.

Da takardar a hannu, koyarwar hawa huɗu ce. Da farko ka kwantar masa da hankali, ka tambayi abin da ya riga ya sani game da aikin. Na biyu ka yi aikin yana kallo har sau uku: karon farko kana faɗin matakai kawai, na biyu kana jaddada makama, na uku kana ba da dalilai. Na uku ya yi da kansa, kana gyara masa nan take, sannan ya maimaita yana faɗa maka matakan, da makamar, da dalilan da bakinsa. Na huɗu ka bar shi da aikin, ka faɗa masa wa zai tambaya, ka riƙa leƙawa akai-akai a farko, kana ragewa a hankali.

Hattara: "Ka gane?" ba tambaya ba ce. Ba wanda zai ce wa maigidansa bai gane ba. Ce masa "Yi in gani", ko "Me ya sa muke farawa da aikin dare?" Kuma aiki ɗaya a mako ya isa, ka fara da na takarda irin jadawali da rahoto, ka bar na mutane zuwa tsakiya. Taken masu shirin TWI shi ne idan ma'aikaci bai koya ba, to mai koyarwa bai koyar ba. Maganar tana da ɗaci, amma na gwada ta na ga ta fi "yaron ba ya ganewa" amfani.

6. Saki ragama kaɗan-kaɗan

Kowane aiki a takardarka zai bi hawa huɗu. Na ɗaya: bincika ka kawo mini bayani. Na biyu: kawo shawara, ni zan yanke. Na uku: yanke, amma ka sanar da ni kafin ka aiwatar. Na huɗu: yi abinka, in gani a rahoton mako. A gaban kowane aiki rubuta hawan da yake kai da kwanan wata. Ba tare suke tafiya ba. Jadawali na iya kai wa hawa na huɗu a mako na biyar, alhali ladabtarwa tana hawa na biyu har mako na goma, kuma ba laifi.

Hattara: idan ya yanke abin da ba haka za ka yanke ba, tambayi kanka, kuskure ne ko dai ba irin naka ba ne? In ba zai jawo haɗari, asara babba ko karya doka ba, ƙyale shi ya gani da idonsa. Abin da ya shafi lafiyar mutane, kuɗi masu yawa da korar ma'aikaci, waɗannan suna hannunka har a gama.

7. Zaman mako-mako

Rana ɗaya, lokaci ɗaya, awa ɗaya, waya a kife. Shi zai zo da abin da za a tattauna. Aikinka tambaya ne, kuma tambayoyin huɗu ne, bisa tsarin GROW da John Whitmore ya yaɗa a 1992: me kake son cimma, me ke faruwa a zahiri, waɗanne hanyoyi ke gabanka, wanne za ka bi kuma yaushe.

Ga yadda abin ke kasancewa. Ya shigo ya ce, "Yallabai, mutumin nan ya ishe ni da makara, ka yi masa magana." Harshenka zai yi ƙaiƙayi, domin ka san maganin. Danne shi.

"Me kake so ka gani nan da mako biyu?"

"Ya riƙa zuwa a kan lokaci."

"Sau nawa ya makara a watan nan, kuma a waɗanne ranaku?"

Shiru. Ya buɗe rajista, sai ga shi sau biyar ne, huɗu daga ciki washegarin aikin dare.

"To me ka gani?"

"Kamar jadawalin ne, Yallabai. Ni na haɗa masa dare da safe."

"Me za ka iya yi? Kawo uku."

Zai kawo ɗaya ya tsaya. Jira. Na biyu da na uku su ne suke fitowa daga tunaninsa, na farkon abin da yake zaton kana son ji ne. A ƙarshe ya zaɓa, ya sa rana, ya rubuta a littafin da hannunsa. Mako mai zuwa da wannan shafin za ku buɗe zama.

Hattara: idan ka lura kai ne ka cinye fiye da rabin maganar, lacca ka yi. Kuma kada ka soke zaman nan saboda aiki ya yi yawa. Ɗage shi zuwa gobe, amma kada ka soke. Sokewa biyu a jere, ya gane matsayin horon a wurinka. Akwai kuma inda tambaya ba ta da amfani: abin da bai taɓa sani ba, kamar ƙa'idar ma'aikata ko dokar ƙwadago, faɗa masa kai tsaye. Yi wa mutum tambayoyi a kan abin da ba ya cikin kansa wahalarwa ce kawai.

8. Koya masa gyara wa mutum kuskure

Nan ne yawancinsu ke faɗuwa, domin waɗanda zai yi wa magana jiya-jiya tare suke zama suna gulmar manaja. Wani zai yi laƙwas don kada a ce ya canza, wani ya ɗau zafi don a san ya hau.

Ba shi ƙa'ida mai gaɓa uku, irin wadda cibiyar horas da shugabanni ta CCL da ke Greensboro a Amurka take koyarwa: faɗi lokaci da wuri, faɗi abin da mutum ya yi, faɗi abin da hakan ya haifar. Maimakon "Ba ka da natsuwa", sai ya ce, "Jiya da rana da kwastoma ke bayani, ka katse ta sau biyu, ta tafi ba mu ji ainihin matsalarta ba, yau ta dawo." Daga nan ya yi shiru ya saurara. Hali ba a gardamarsa a gama, amma abin da ya faru jiya da rana kowa ya san ya faru.

Kafin ya je, ku gwada a ɗaki. Kai ka zama ma'aikacin, ka yi musu, ka yi fushi, ka ce masa "Yaushe ka zama oga?" Bari ya ji ta daga bakinka kafin ya ji ta a waje. Ku maimaita har muryarsa ta daina rawa.

Hattara: yadda kake gyara masa haka zai gyara wa na ƙasa. Idan ka tsawata masa a gaban mutanensa, ka rushe aikin wata guda cikin minti ɗaya. Kuma yabo ma gaɓa ukun nan yake bi. "Sannu da ƙoƙari" ba ta koya wa kowa komai.

9. Kwas, idan da hali

Sai wajen mako na shida zuwa na takwas, lokacin da ya ci karo da matsaloli na gaske yana da tambayoyin da zai tafi da su. Ƙa'idar 70-20-10 da aka fi jingina wa binciken waccan cibiya ta CCL tana cewa kaso mafi tsoka na koyon shugabanci daga aiki mai wuya yake fitowa, sai mu'amala da mutane, kwas ne na ƙarshe. Daga abin da manajoji suka faɗa game da kansu aka samo ta, don haka kada ka riƙe alƙaluman kamar awon sikeli, amma jerin ya yi daidai da abin da nake gani.

Zaɓi kwas da ake gwaji a ciki, mai mutane kaɗan, ba zauren da ake haska rubutu a bango daga safe zuwa yamma ba. Kafin ya tafi ku rubuta matsala biyu da zai nemo wa amsa. Cikin mako ɗaya da dawowarsa ya gwada abu ɗaya a sashen, domin abin da ba a taɓa ba da wuri yake zubewa. Satifiket kuwa a sa a fayil.

10. Ba shi wuri na mako guda

A mako na 11 ko na 12 ka janye gaba ɗaya. Ɗauki hutu ko ka koma wani aiki. Bar masa abu uku a rubuce waɗanda in sun faru zai kira ka, sauran duk nasa ne. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Kada ka bar ɗan rahoto a ɓoye, za a gane, kuma amanar da kuka gina ta tafi. Da ka dawo, shi zai fara ba ka labari kafin kowa.

11. Auna, ka yanke hukunci a ranar da ka sa

Donald Kirkpatrick ya kasa awon horo hawa huɗu tun 1959: ko mutum ya ji daɗin horon, ko ya koyi abin, ko aikinsa ya canza, ko an ga sakamako. Yawancin wurare a na farko suke tsayawa, su raba fom a cike "ya yi kyau". Kai na uku da na huɗu kake nema.

Ɗauko takardar mataki na 1. Ayyuka nawa ne suka kai hawa na uku ko na huɗu na sakin ragama da ke mataki na 6? Alƙaluman da ka ɗauka sun motsa, ko aƙalla ba su lalace ba? Sannan ka ga mutanen sashen ɗaya bayan ɗaya da tambaya biyu: me yake yi da ke sauƙaƙa maka aiki, me kake so ya canza? Ka haɗa amsoshin ka ba shi ba tare da sunaye ba.

Hukuncin ɗayan uku ne. Idan yawancin ayyukan sun kai, tabbatar da shi a rubuce, da albashin muƙamin, daga ranar. Idan biyu ko uku ne suka rage kuma kana ganin motsi, ƙara kwana 30 sau ɗaya tak, ka ambaci ayyukan da sunansu. Idan bai yiwu ba, faɗa masa kai da shi, ka nuna masa a takarda, ku shirya tare yadda za a sanar da sashe, ya koma aikinsa ba tare da an rage masa komai ba.

Hattara: kada ka bar mutum a "riƙo" wata shida, shekara, yana ɗauke da nauyin muƙami da albashin da. Wanda aka tabbatar kuma kada ka yanke zaman ku rana ɗaya. Mayar da shi duk mako biyu na wata uku, daga nan wata-wata, kuma ku sa ranakun a kalanda kafin ku tashi daga wannan zaman.